Masara, Wake da Ganye: Asalin Girkin Gida a Kudancin Ƙasar Amurka

Idan Ba'amurke ya ce "Kudu", ba nahiyar su Brazil da Ajantina yake nufi ba. Jihohin kudu maso gabashin ƙasarsa yake nufi: daga Bajiniya ka gangaro Karolina ta Arewa da ta Kudu da Jojiya, ka yi yamma ta Alabama da Misisipi da Luwiziyana har gabashin Teksas, ka haɗa da Tenesi da Kentaki da Akansas. Yankin auduga da taba da rake ne, inda bauta ta fi yin saiwa. Mafi yawan jihohinsa sun ɓalle, suka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, suka sha kashi. Shi ne kuma yankin da Amurkawa suka yi ittifaƙi a kan cewa yana da girki nasa na kansa, wanda ake gadonsa daga kaka zuwa jika.

Duniya ta san wannan girki ne ta soyayyar kaza. KFC daga wani ƙaramin gari mai suna Corbin a Kentaki ta samo asali, Popeyes kuwa a 1972 aka buɗe ta a gefen birnin Niyu Olins. Wanda ya san Kudu ta waɗannan shaguna sai ya ɗauka mutanen can tun kaka da kakanni cikin maiƙo suke kwana suke tashi. Alhali kaza abincin ranar Lahadi ce, ko ranar da aka yi babban baƙo. Cimar yau da kullum ta talakan Kudu, baƙar fata da farar fata, ita ce masara da wake da ganye, sai ɗan guntun nama da ake jefawa a tukunya don ɗanɗano. Duk mai son gane yadda girkin ya samu, da abin da ya sa 'yan Kudu suke ƙaunarsa har haka, da yadda aka yi yau likitoci ke nuna shi da yatsa, daga wannan bambanci zai fara.

Masara ta 'yan asalin ƙasar ce, su Cherokee da Creek da Choctaw da Chickasaw, waɗanda suke nomanta tare da kabewa da wasu nau'o'in wake tun kafin Bature ya taka wurin. Su suka san a dafa ƙwayar masara da ruwan toka har ɓawonta ya saɓule, kuma wannan dabara za ta sake shigowa labarinmu nan gaba. Daga gare su aka sami tsakin masara da ake damawa da kauri a ci da safe, da gurasar masara iri-iri. Alade kuwa Turawa suka kawo shi: ayarin Hernando de Soto ɗan Sifen ya sauka da shi a Florida a 1539, daga baya mutanen Ingila suka zo da nasu. Mai karatu Musulmi zai yi ƙyamar jin haka, amma ba a fahimtar girkin ba tare da sanin dalilin da ya sa ya mamaye tukunya ba. Dabba ce da ake saki a daji ta yi kiwon kanta, ta hayayyafa da sauri, kuma namanta yana jure ajiya da gishiri da banda a ƙasa mai zafi da babu firji. Da sanyin farko ya sauka, wajen Nuwamba ko Disamba, maƙwabta kan yi gayya a yanka, a gishirta, a rataye a ɗakin banda, shi ke nan naman shekara.

Bayan na 'yan asalin ƙasar da na Turawa, kaso na uku na girkin na Afirka ne, kuma shi aka fi daɗewa ana danne shi. Cikin mutum kimanin miliyan 12.5 da aka loda a jiragen bayi, wajen 388,000 ne aka kai kai tsaye ƙasar da ta zama Amurka, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu ta tashar Charleston a Karolina ta Kudu suka shiga. A hanyar wannan fatauci ne farin wake mai baƙin ido da kuɓewa da riɗi da dawa da kankana suka tsallaka teku. Masu gonakin shinkafa na gaɓar Karolina da Jojiya sun fi son bayin da aka kamo daga yankunan shinkafa na Senegambiya da Saliyo, domin su suka iya datse ruwa a fadama, su suka iya sussuka a turmi da bakace a faifai. Dukiyar da ta gina manyan gidajen Charleston daga wannan ilimi ta fito. Jikokin waɗannan mutane, da ake kira Gullah ko Geechee, har yau suna saƙa irin waɗancan faifai da ciyawar gaɓa, kuma har yau ba sa ganin an ci abinci in babu shinkafa. Wake da shinkafa da suke dafawa a tukunya ɗaya, wanda ake kira Hoppin' John, ya zama abincin ranar farko ta sabuwar shekara a duk faɗin Kudu.

Kada mu yi saurin cewa kakanninmu ne suka kai. Akasarin waɗanda aka kai Amurka daga Senegambiya da Saliyo da gaɓar Ghana ta yau da kudu maso gabashin Najeriya da Kongo da Angola suka fito. Hausawan da bauta ta tsallakar da su teku sun fi yawa a Bahia ta Brazil. Amma waken kansa ɗan Afirka ta Yamma ne, kuma Najeriya da Nijar ne kan gaba wajen nomansa a duniya har gobe.

Akwai wani labari daga tsibirin Sapelo na Jojiya da nake ganin ya kamata kowane Bahaushe ya ji. A can wani bawa Musulmi mai suna Bilali, mutumin Timbo a Futa Jalon, ya rayu a farkon ƙarni na 19, ya kuma bar ɗan littafi da ya rubuta da haruffan Larabci, wanda yanzu yake ajiye a Jami'ar Jojiya. A ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatan wani shirin gwamnati na tattara tarihin baka suka zanta da zuriyarsa. Wata tsohuwa ta ba su labarin yadda kakarta, 'yar Bilali, take wanke shinkafa ta bar ta a jiƙe ta kwana, da safe ta zuba a turmi ta kirɓa, ta sa zuma ko sukari, ta mulmula da hannu ta raba wa yara a wata rana ta musamman. Sunan abin a bakinsu "saraka". Duk wanda ya taɓa karɓar gumbar sadaka a ƙofar gida ya san abin da ake magana a kai. Addinin ya ɓace daga zuriyar, harshen ya ɓace, amma an tuna yadda ake jiƙa shinkafar.

A manyan gidajen masu bayi, mata da maza baƙar fata ne ke bakin murhu. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya tafi Faris a 1784 da bawansa James Hemings don ya koyo girkin Faransawa, kuma abin da aka riƙa yabo a teburin Jefferson bayan dawowarsu daga hannun Hemings ya fito. A bukkokin bayan gida kuwa lissafin daban ne. Rabon babban mutum a mako bai wuce garin masara kimanin lita 9 da naman gishiri kilo ɗaya da rabi ko kusa da haka ba. Sauran sai abin da ya shuka a ɗan lambunsa bayan ya taso daga gonar ubangida, da kifin da ya kama, da naman dajin da ya ɗana wa tarko. Daga nan ne salon da ya zama ƙashin bayan girkin Kudu ya kafu: nama kaɗan, ganye da wake da yawa, dahuwa mai tsawo a kan wuta kaɗan, domin mai girkin tana wani aikin.

Tukunyar ganye ita ce misalin da ya fi nuna wannan. Ganyen wani dangin kabeji ne mai faɗi da kauri, wanda ba ya dunƙulewa, ko kuma ganyen mustad. A wanke shi ruwa uku ko huɗu saboda yashi, a zare jijiyar tsakiya, a naɗe a yayyanka. Tun kafin nan an ɗora ruwa da guntun ƙashi mai banda da albasa da barkono. A zuba ganyen, ya cika tukunya har ya yi tozo, can sai ya lafa ya koma ƙasa. Awa ɗaya, awa biyu, har ya yi laushi ya yi duhu. A gefe guda an sa kaskon baƙin ƙarfe a tanderu da ɗan kitse har ya ɗau zafi sosai, sai a juye kwaɓin garin masara da nono da ƙwai a ciki, ka ji ya yi cuu. Wannan zafin farko shi ke ba gurasar ɓawo mai garas-garas a ƙasa. Romon da ya kwanta a gindin tukunyar ganye ba a zubar da shi: a marmasa gurasar a ciki a sha, kuma tsofaffi sun daɗe suna ba yara da marasa lafiya, tun kafin wani ya gaya musu cewa amfanin ganyen a ruwan yake. Shi kansa kaskon kayan gado ne. Ana iya samun saɓani tsakanin 'yan'uwa mata a kan wadda za ta ɗauki na mahaifiya.

Kudun ma ba ɗaya ba ce. A duwatsun Appalachia, inda bayi ba su da yawa kuma ƙasar ba ta auduga ba ce, abincin dafaffen wake ne da gurasar masara, da ɗanyen wake da ake tsirewa a zare a rataye ya bushe don hunturu, da zumar takanɗa da ake matsewa a dafa a ƙarshen kaka. A Luwiziyana akwai jinin Faransa, har da zuriyar mutanen da Ingila ta kora daga gabashin Kanada tun daga 1755. Miyarsu ta gambo tarihin yankin ce a kwano guda: kuɓewa daga Afirka, garin busasshen ganyen wata bishiya daga Choctaw, da soyayyar fulawa cikin mai irin ta Faransawa. A Niyu Olins jan wake da shinkafa abincin Litinin ne, domin ranar wanki ce, ana son tukunyar da za ta kula da kanta. Gashi ma kowa da nasa: Teksas naman sa, garin Owensboro a Kentaki naman tunkiya.

Masu begen zamanin da sukan tsallake wani babi mai ɗaci. Bayan an 'yanta bayi a 1865 ba a ba su gona ba. Su da miliyoyin talakawa farar fata suka faɗa noman kashi-mu-raba: mai ƙasa ya ba ka fili da iri da bashin abinci daga kantinsa, da kaka a raba auduga, sau da yawa ka tashi da bashi a wuya. Mai ƙasa yana son auduga har bakin ƙofa, don haka lambu ya ragu, saniyar tatsa ta ɓace. Abinci ya koma abu uku: garin masara, kitse mai gishiri, da baƙin ruwan rake mai kauri. Garin ma na inji ne da aka cire wa ƙwayar tsiro don ya daɗe a buhu, kuma ba wanda ya dafa shi da toka kamar yadda 'yan asalin ƙasar suke yi, wanda shi ke sakin sinadarin nayasin da ke ɗaure a cikin masara. Sai cutar felagira ta ɓarke: fata ta saɓule, gudawa, ruɗewar hankali, mutuwa. Tsakanin 1906 da 1940 an ƙiyasta ta kama mutum miliyan 3, ta kashe kimanin 100,000.

Likita Joseph Goldberger, da gwamnatin tarayya ta ɗora wa binciken a 1914, ya lura cewa a gidajen marayu da asibitocin masu taɓin hankali mazauna ne ke kamuwa, ma'aikata ba sa kamuwa, ya ce ai wannan ba annoba ba ce, yunwa ce. A 1915 ya gwada a gonar fursuna ta Rankin a Misisipi: aka ciyar da mutum 11 irin cimar talakan Kudu zalla, 6 suka kamu cikin 'yan watanni. Manyan Kudu suka fusata, domin maganar tana nufin tsarin nomansu ne ke kashe mutane. Sai a 1937 aka tabbatar nayasin ne maganin, a shekarun 1940 aka fara ƙara shi a gari, cutar ta kau. A ganina wannan shi ne babi mafi muhimmanci, domin ya nuna cewa girkin Kudu yana da lafiya ne muddin iyali na da ɗan fili da lambu da kaji da saniya. Da aka raba su da ƙasa, sai abincin ya zama ciwo.

Inda iyali suka sami nasu filin, rayuwar ƙaramin gari ta ginu a kan tebur. Babban abinci da rana ake ci, na dare ragowa ne. Ranar Lahadi a taso daga coci a haɗu gidan kaka, a nan ne kazar take fitowa, an kamo ta a tsakar gida an yanka an fige, kuma idan fasto ya biyo, shi ke samun tsoka mai kyau, yara su jira. Sau ɗaya a shekara, a yankunan karkara da yawa, dangi na nesa da na kusa kan dawo su share maƙabartar iyali, su sa furanni, a yi wa'azi, sannan a shimfiɗa katako a ƙarƙashin itatuwa kowace mace ta ajiye abin da ta dafo. Kowa ya san wainar wace ce za ta fara ƙarewa. Idan aka yi rasuwa kuwa, kafin labari ya gama zagaya gari maƙwabta sun fara sallama da kwanuka a rufe, kowace ta manna 'yar takarda da sunanta a gindin kwanon don a san inda za a mayar. Gidan makoki ba ya ɗora tukunya kwana da kwanaki. Edna Lewis, wadda aka haifa a 1916 a Freetown ta Bajiniya, ƙauyen da 'yantattun bayi suka kafa har da kakanta, ta shahara ne saboda ta rubuta wannan rayuwa yadda take bin lokutan shekara, ta nuna cewa girkin baƙar fatar karkara yana da tsari da tsabta da ƙwarewa.

Sai dai abinci ɗaya ake ci, tebur biyu. Mace baƙar fata za ta shiga gidan farar fata ta ƙofar baya, ta dafa, ta yi renon 'ya'yansu, amma doka da al'ada sun hana ta zama a gidan abinci ɗaya da su. Lokacin da baƙar fata kimanin miliyan 6 suka yi ƙaura daga Kudu zuwa su Shikago da Detroit da Niyu Yok tsakanin 1916 da 1970, guzurinsu a kwalin takalmi yake: soyayyar kaza, dafaffen ƙwai, yankan kek, saboda ba za a sayar musu da abinci a hanya ba, kaza kuma ba ta saurin lalacewa. A Montgomery ta Alabama, lokacin da baƙar fata suka ƙaurace wa motocin bas na kwana 381 daga Disamban 1955 saboda wariyar launin fata, wata mai girki Georgia Gilmore ta tara mata suna dafa abinci suna sayarwa a ɓoye sunayensu, kuɗin ya tafi man motocin da ke jigilar masu ƙauracewar. An kore ta daga aiki, ta mayar da gidanta wurin cin abinci, Martin Luther King na cikin masu zuwa. Sai dokar hana wariyar launin fata ta 1964 ta buɗe ƙofofin gidajen abinci ga kowa.

To me ya rusa tsohon tsarin? Inji ne da farko. A 1944 wata gona kusa da Clarksdale a Misisipi ta noma auduga ta tsince ta da inji tun daga shuka har girbi, kuma cikin shekara ashirin da 'yan kai hannun ɗan Adam ya zama ba a bukatarsa. A 1920 manoma baƙar fata sun kai kimanin 925,000, yau ba su kai 50,000 ba. Lantarki ya shiga karkara daga tsakiyar shekarun 1930, firji ya kashe ɗakin banda. Sannan kiwon kaji na masana'anta, wanda ya bunƙasa a kewayen Gainesville ta Jojiya, ya mayar da kaza nama mafi araha a ƙasar. Mata suka fita aikin albashi, babu mai awa biyu na tsaron tukunyar ganye. A ƙananan garuruwa da yawa kantin kayan miya ya rufe, aka bar mutane da irin su Dollar General, mai shaguna sama da 20,000, inda gwangwani da lemon kwalba suka fi ɗanyen ganye sauƙin samu.

Abin da ya tsira shi ne abincin biki, domin shi ne mai saurin sayuwa, ya zama na kullum a jikin mutanen da ba sa yini a gona. Wani babban bincike na Jami'ar Alabama da ke Birmingham, da aka wallafa a 2015, ya gano cewa masu yawan cin abin da ya kira tsarin cimar Kudu sun fi sauran haɗarin ciwon zuciya da kashi 56 cikin 100. Amma a duba abin da ke cikin jerin: soye-soye, ƙarin kitse, sarrafaffen nama, kayan ciki, ƙwai, da abin sha mai sukari. Wake ba ya ciki. Shi ya sa nake ganin rashin adalci ne a ɗora wa kakannin laifin abin da kamfanoni suka yi da girkinsu.

Gardama a kan girkin ma ba ta mutu ba. A shekarun 1960 baƙar fatar birane suka raɗa wa girkin iyayensu suna mai ma'anar "abincin ruhi", suna alfahari da shi. A daidai lokacin Elijah Muhammad na ƙungiyar Nation of Islam yana kiransa cimar bauta, ya hana mabiyansa alade, har ma da wasu daga cikin wake da ganyen. Wannan matsin, da na likitoci daga baya, ya taimaka wajen shigo da talotalo mai banda cikin tukunyar ganye, kuma yau a Atlanta da Filadelfiya akwai gidajen abinci na halal da Musulmi baƙar fata ke dafa girkin kakanninsu ba tare da alade ba. A 1999 aka kafa ƙungiyar Southern Foodways Alliance a Jami'ar Misisipi don tattara tarihin masu girkin da ba a taɓa rubuta sunayensu ba.

An kuma farfaɗo da tsofaffin iri. Shinkafar Carolina Gold, wadda nomanta ya mutu a farkon ƙarni na 20 bayan guguwowi da rashin ƙwadagon bayi, ta dawo gona a shekarun 1980, yanzu manyan gidajen abinci ke rububinta da tsada. Zuriyar waɗanda suka fara nomanta kuwa ƙasar ce ke zamewa daga hannunsu. Yawancin filayensu gado ne da ba a raba ba kuma babu wasiyya a rubuce, don haka idan magaji ɗaya ya sayar da kasonsa, mai saye na iya zuwa kotu ya nemi a yi gwanjon filin gaba ɗaya. A Sapelo, ƙauyen zuriyar su Bilali ya ragu zuwa mutum 'yan gomomi. Marigayiya Cornelia Walker Bailey, jikanyar gidan, wadda ta rasu a 2017, ta jagoranci dawo da noman jan wake da rake a tsibirin don matasa su sami abin da zai riƙe su a gida. A 2023 hukumar gundumar ta amince a ninka girman gidajen da za a iya ginawa a ƙauyen, mazauna suka garzaya kotu, domin sun san idan attajiri ya gina katafaren gida kusa da kai, harajin filinka ne zai tashi har ka kasa biya.